Tsakuwar Inna Tasalla

Ranar Laraba, goma sha bakwai ga watan Sha'aban, a shekara ta ɗari uku da sittin da biyu bayan ƙafewar Babban Tafki, gari ya waye da hadari baƙi ƙirin daga gabas. Mata suka fito da tukwane da ƙoruka suka jera a tsakar gida. Iska ta kaɗa, ƙanshin ƙasa ya taso, amma kafin hantsi hadarin ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. A wannan safiya na bar garinmu, Mashaya.

Da sunan Wanda ya ɓoye ruwa a ƙarƙashin dutse, ya ɓoye sani a ƙarƙashin wahala, ni Barira 'yar Maidabino nake ba da wannan labari. Abin da na gani zan ce na gani. Abin da na ji zan ce na ji. Abin da ban ji ba kuwa ba zan ce na ji shi ba, domin a kan wannan ne labarin ya tsaya.

A zamanin kakanninmu rijiyoyin Mashaya sun ishi mutum da dabba da gonakin dabino. Suka riƙa ƙafewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura ta bakin masallaci, ita ma rabin guga ruwa ne rabi laka. Mutane suka fara maganar tashi zuwa kudu, a bar dabinai da kaburburan iyaye. Yayana Bawa, wanda ke riƙe da garin tun rasuwar mahaifinmu, shi ya tsaya ya roƙe su su dakata. Ya ji daga bakin fatake cewa can nesa a yamma akwai wani gari, Birnin Shiru, inda ake koya wa mutum ya ji motsin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, ya nuna wurin da za a haƙa. Ni aka zaɓa. Mijina ya rasu, ba ni da ɗa a hannu, kuma tun ina yarinya an san ni da kunne.

"Dattawa sun auna rijiyar," in ji Yaya Bawa yana ɗaura mini salka a kafaɗa. "In aka yi tsimi za ta kai mu rani uku. Na huɗu sai dai ta fara shi, ba za ta ƙarasa ba."

"In ban iya ba fa, Yaya?"

"Ke da kike gane tulun da ya tsage tun daga zaure? Tafi kawai, Auta." Sai ya rage murya. "Amma ki riƙe wannan. In tashi ya zama dole, da damina ake tashi, lokacin da kududdufan hanya ke da ruwa. Wanda ya ɗebi yara da tsofaffi da rani, hanya ce za ta binne su."

Na bi ayarin masu gishiri har inda hanyarmu ta rabu. Daga nan na ratsa ƙasar da duwatsunta ke yin gumi da tsakar rana, mutanenta na bin su da auduga suna tsane gumin suna matsewa a ƙoƙo, abin shansu ke nan. Na wuce wani kwari inda itatuwa ke tsirowa saiwa sama, suna neman raɓa. Ban tsaya mamaki ba, don ina lissafin rani a zuciyata.

A bayan wannan kwari salkata ta ƙare. Ina tafe ina ganin duhu-duhu sai ga rijiya a gefen hanya, bakinta a gine tsaf, ba guga, sai tsanin igiya da ya sauka ciki. Na leƙa, ga ruwa can ƙasa yana walƙiya, har na ga fuskata. Na ɗaure zane zan sauka. Sai al'adar gidanmu ta rinjaye ni, don mu ba mu taɓa rijiyar da ba mu sani ba sai mun jefa mata wani abu. Na saki ƙwallon dabino. Maimakon ya ce tsulum, sai ya ce ƙwal. Faranti ne na tagulla aka goge aka shimfiɗa a ƙasan ramin. Da na kasa kunne kuma sai na ji raƙumi yana tuƙa a bayan wani tudu, da numfashin mutane masu ƙoƙarin ɓoye numfashinsu.

Ban gudu ba. Na ɗaga murya kamar mai magana da kanta na ce, "Alhamdu lillahi, ga ruwa. Bari in koma in gaya wa madugu ya karkato da raƙuman nan masu kayan alharini." Na juya a hankali, ina tafiyar wadda ba ta da damuwa. Kwaɗayin ayari ya sa suka ƙyale mace ɗaya mai tsohon zane. Da na sha kwana na hau kan duwatsu inda sawu ba ya zama, ban huta ba sai da na faɗa wani ƙauye. A can aka gaya mini cewa in matafiyi ya sauka, sai su janye tsanin, su bar shi har ya galabaita, sannan su sayar da shi. Ranar na ce a raina kunnena ya ci gwajinsa na farko.

Damina na ƙarewa na isa Birnin Shiru. Ban taɓa ganin gari irinsa ba. An lulluɓe ganuwarsa da ulu. Kowa takalmin auduga yake sawa. Ba a kiwon zakara, ba a daka sai a ramuka can bayan gari, maƙera kuwa an kai su nesa har ba a ganin hayaƙinsu. A kasuwa da yatsu ake ciniki. Ladan kaɗai aka yarda ya ɗaga murya. A gefen birnin akwai wani tafki inda shamuwoyin ƙasashe ke zuwa cin rani, kuma su ne masu kai wasiƙa: kowace shamuwa ta san bishiyar garinsu, tana tashi gab da damina, ta dawo bayan kaka.

Makarantar sunanta Gidan Sauraro, shugabanta wani dattijo mai taushin hali, Baba Nomau. Shi ya miƙa ni ga malamata, Inna Tasalla, wata 'yar tsohuwa siririya wadda ita kaɗai ke yawo ba takalmi a garin.

"Shekarunki nawa?" ta tambaye ni cikin raɗa.

"Na haura arba'in, Inna."

"To kunnen nan ya sha surutun duniya. Sai mun wanke shi tukuna."

Aka ba ni sandar koyo mai kan ƙarfe. Ana kafa ƙarfen a ƙasa, a jingina ɗaya kan a bayan kunne, a tsaya. Tsayuwar ita ce karatun. Mun yi watanni muna koyon raba motsin jininmu da motsin ƙasa, da raba tafiyar gara da zubar rairayi.

Kowace Alhamis kuma akwai gwaji. A bayan gidan akwai wani fili mai faɗi da ake kira Filin Tuluna. Tun da sassafe barori ke binne tulunan ruwa a wurare dabam-dabam, su share, sannan a kora awaki su tattake filin har ba a gane inda aka taɓa. Malamai su zauna can gefe a inuwa. Ɗalibi ya shiga da sandarsa da karare, duk inda ya ji ruwa ya kafa kara. A tona a gaban kowa. In an sami tulu, malamarsa ta ɗinka masa zare shuɗi ɗaya a bakin mayafi ko riga. Ba magudi a ciki, ba son kai. Ban taɓa ganin gwaji mai tsabta kamarsa ba.

Ruwan tulu yana da ɗan kukansa, siriri, kamar jariri na haɗiyar nono a ɗaki na uku. Ranar da na fara jin sa na yi hawaye. Daga ranar kuwa ban ƙara kuskure shi ba.

A cikin ɗaliban Inna akwai wani dogon mutum daga ƙasar tuddai, Jatau, wanda da can jakai yake kora. Shi ne mai ba mu dariyar da ba a yarda mu yi da ƙarfi ba. Sarauniyar Tuluna yake kirana. Shi kuwa kullum karansa a wurin banza yake sauka.

"Wallahi wani gurnani nake ji, Yaya Barira," ya ce mini wata Alhamis bayan an tona masa rami uku ba komai. "Kamar ana niƙa a gidan maƙwabta. Shi ke danne mini kukan tulun."

"Cikinka ne, Jatau. Ka riƙa karya kumallo kafin ka fito."

"Kin ga irinta. Mutum na faɗin ciwonsa, sarauniya na yi masa dariya."

Dokar gidan ita ce, wanda shekara ta zagayo bakin rigarsa bai yi shuɗi ba, a sallame shi. Inna Tasalla da kanta ta raka Jatau ƙofar gari. Ya waigo ya ce mini, "In kin zama babbar malama, ki tuna da mai kunnen jaki." Ban sake jin labarinsa ba.

A shekara ta biyu aka ƙara zurfin ramuka, aka rage girman tuluna, aka riƙa cika waɗansu da mai ko yashi don a ruɗe mu. Ina raba mai da ruwa tun kafin in kafa sanda sosai. Bakin mayafina ya rine, har Inna ta rasa wurin soka allura. In baƙi suka zo, ni Baba Nomau ke kira a nuna musu. Sau biyu shamuwar garinmu ta tashi da wasiƙata zuwa ga Yaya Bawa, duk biyun albishir. A amsarsa ta ƙarshe ya ce ya karanta wa jama'a a ƙofar masallaci, har waɗanda suka riga suka ɗaure kaya sun kwance.

A ƙarshen rani na uku lokacin babban gwaji ya zo, wanda suke kira Fitar Ƙishi. Ba a fita da ɗalibi sai wani malami ya ce ya tsaya masa. Wanda ya tsaya ɗin kuwa shi zai bi ɗalibin cikin Farin Sarari, su biyu, da salka ɗaya, da dagi da ƙoƙo. Ɗalibi ke gaba, malami na biye. Ana sa wa malamin tsakuwa a baki, ba ya cire ta sai don salla ko kurɓar ruwa, ba ya magana, ba ya nuni. Abin da ɗalibin ya samo shi za su sha. In malami ya ga mutuwa ya tofar da tsakuwar ya nuna ruwa, sun tsira, amma an rufe wa ɗalibin ƙofar gidan har abada, shi kuma malamin a karya sandarsa. Saboda haka ba mai tsaya wa wani don kunya ko don ƙauna. Inna Tasalla ta tsufa tana fita, ba ta taɓa tofarwa ba.

"Na tsaya wa Barira," ta ce a gaban majalisa, ba ta ko dube ni ba.

Da hantsi Baba Nomau ya sa mata tsakuwar, fara, mai santsi kamar ƙwan kurciya. Muka fita ta ƙofar yamma.

Farin Sarari ba itace, ba tsuntsu, ba iska. Ƙasa ce fara shimfiɗe har iyakar gani, mai laushi a sama, duk abin da ya taka ta sawunsa na nan har damina. Na yi murna da shirun wurin. Na kafa sanda, na jira kukan jaririn nan da na sani. Ban ji ba. Na matsa gaba na sake kafawa. Yini ya ƙare, wani ya biyo. Na bi kwari, na bi gindin tudu, na koma inda na fito. Ko'ina shiru, sai bugun jinina.

Salka ta yi ta ramewa. Na lura Inna leɓe kawai take jiƙawa ta miƙo mini. Idanunta suka faɗa, leɓunanta suka tsattsage, ta fara tafiya tana dafa kafaɗata. Ranar da na matse salkar ba ta ba da komai ba, na durƙusa a gabanta.

"Inna, ki tofar. Ki nuna mini wurin. Na yarda na faɗi."

Ta girgiza kai.

"Za ki mutu a nan saboda ni."

Ta kama bakin mayafina, ta ɗaga shuɗin zaren da ta ɗinka da hannunta har gaban idona, ta sake shi. Sannan ta tsaya tana jira in wuce gaba.

Na wuce gaba, ba don na san inda zan nufa ba. Rana ta take tsaka lokacin da muka ci karo da sawun mutum biyu. Namu ne, na ranar da muka fara zagaye. Na tsaya ina kallonsu don ba ni da ƙarfin yin wani abu. Nawa a jere suke, taki ɗaya. Na Inna ma haka, sai a wani wuri guda. A nan takunta ya gajarta, dunduniyar hagu ta nutse, yatsun suka kama ƙasa kamar na mai tsallaka rafi. Bayan 'yan taku kaɗan kuma ya koma daidai.

Na ce a raina wataƙila gajiya ce. Sai na ja ta muka yi nisa kaɗan, na juyo da mu ta wata fuska, na ratsa wurin ba tare da na rage tafiya ba. Da muka wuce na waiga. Fuskarta ba ta nuna komai ba, idonta na kan bayana. Amma sabon sawunta ya yi abin da tsohon ya yi, a daidai wurin.

Na zaunar da ita, na yi mata inuwa da mayafina. Na je na kafa sanda a tsakiyar sawun. Na tsaya har inuwata ta fara tsawo, ina roƙon Allah ya jiyar da ni ko da abu kaɗan, don in haƙa da gaskiyata. Ban ji komai ba. Na ajiye sanda na ɗauki dagi.

Ramin ya kai ƙirjina kafin ƙasar ta yi sanyi. Ya shanye ni kafin danshi ya fito. Sannan ruwa ya fara tsattsafowa ta gefe, ja-ja, a hankali. Na tace da bakin zane na kai mata. Ta cire tsakuwar, don doka ta ba da dama in ruwa ya fito, ta sha kaɗan-kaɗan, ta daɗe ido rufe.

"Yaya ya zo miki?" ta ce, muryarta kamar ana murza busasshen ganye. "Kowa da yadda yake jin sa. Ni kamar tattabara a cikin rumbu. Malamina ya ce shi kamar ana niƙa daga nesa."

Na zauna a ƙasa.

"Ban ji komai ba, Inna."

"Kamar yaya ba ki ji ba? Ga ruwa."

"Sawunki na bi."

Ba ta gane ba sai da na tallafe ta na kai ta. Ta durƙusa a kan sawun ƙafarta, tsoho da sabo, ta sa yatsa a ramin dunduniyar. Ta daɗe a haka.

"Tun yaushe ƙafar nan take yi mini wannan?"

"Ban sani ba, Inna."

"Ni ma ban sani ba." Ta dubi sararin. "Duk wanda na fito da shi nan ya koma da ruwa. Ko ɗaya bai faɗi ba. Har alfahari nake yi."

"Wataƙila su sun ji."

"Wataƙila."

Sai na ce, "Jatau ya ce yana jin niƙa a Filin Tuluna."

"Na tuna."

"Akwai ruwa a ƙarƙashin filin?"

"Birnin gaba ɗaya a kan ruwa yake zaune. Mu da muka daɗe mun saba, mun daina kula shi." Ta share bakinta. "Ko shi ya ji, ko cikinsa ne kamar yadda kika ce, yanzu wa zai gaya mana? Ni na raka shi ƙofa."

Muka cika salka muka koma, ina goye da ita rabin hanya.

A gaban majalisa Inna ta faɗi komai, ba ta rage ba. Malamai suka yi ta duban juna. Baba Nomau ya shafa gemu.

"Kin tofar da tsakuwa?"

"Ban tofar ba."

"Kin yi nuni da hannu ko da ido?"

"Ban yi ba."

"Ruwa ya fito?"

"Ya fito. Amma ƙafata ce ta nuna shi, Nomau."

"Doka ta hana baki, ta hana hannu. Ba ta ce komai a kan ƙafa ba. Haka muka tarar, haka aka gwada ni, haka aka gwada ki."

"To waɗanda muka ba sanda suka tafi, akwai wanda ya taɓa aikawa ya tambayi garuruwansu ko ruwa ya fito?"

"Wanda ya fita ƙofa da sanda ya zama na garinsu, Tasalla. Ba mu bin mutum gida."

Aka kawo sandar ƙwararru, baƙa, mai zoben tagulla, aka sa mini a hannu. Da jama'a suka watse Baba Nomau ya kira ni gefe. Ba mugun mutum ba ne.

"'Yata, garinku na jira. Kin ga ƙasa iri-iri, kin san inda tururuwa ke gini, kin san inda ciyawa ke daɗewa ba ta bushe ba. Da irin wannan ma ana dacewa. Ki je ki nuna musu wuri, ki bar wa Allah sauran. In kika mayar da sandar nan, doka ta ce daga farko za ki sake."

Na tafi da sandar ɗakina. Shamuwoyi sun fara tashi garke-garke, sama ta fara haɗa gajimare. Ina rufe ido sai in ga kaina ina shiga Mashaya da ita, mata na guɗa, Yaya Bawa na gaba yana duban waɗanda suka ce ya yaudare su. Sai kuma in ga abin da ke biye. Kafin in isa damina ta wuce, kududdufan hanya sun bushe. Maza za su shiga rami inda na nuna, su yi ta haƙa suna shan abin da ya rage a rijiyar masallaci. In an dace, an dace. In ba a dace ba, ba rijiya, ba hanya.

Na je wurin Inna. Tun dawowarmu ba ta tashi ba, ƙafafunta sun kumbura, muryarta ba ta dawo ba.

"Me zan yi, Inna?"

"Kada ki tambaye ni. Na riga na yi miki hukunci sau ɗaya, kin ga inda ya kai mu."

Ranar Alhamis na shiga Filin Tuluna bayan ɗalibai sun gama, na kafa baƙar sandar. Akwai tulu ɗaya da aka manta ba a tono ba, can kusurwar gabas, na ji shi sarai. Na ture kukansa gefe, na saurari abin da ke ƙarƙashinsa, ruwan da aka ce birnin duka na zaune a kai. Na tsaya har ƙafafuna suka yi sanyi. Kusan shekara uku ina kwana ina tashi a kansa, ban taɓa jin sa ba, ranar ma ban ji ba.

Washegari na mayar wa Baba Nomau sandarsa. Ya karɓa ya ajiye. Na zauna a bakin gadon Inna da reza ina warware zaren mayafina, ɗaya bayan ɗaya, tana kallo.

"In za mu sake fita," ta ce, "a kan jaki za ki ɗora ni, a ɗaure mini ƙafafu cikin kwando."

"Majalisa za ta yarda?"

"Dokar da ba ta ce komai a kan ƙafa ba, ba ta ce komai a kan jaki ba." Ta yi 'yar dariyar da ta zame mata tari. Ta dubi kumburin ƙafarta. "In na kai."

Wasiƙar ba ta da tsawo. Na gaishe da Yaya Bawa, na ce masa ban iya ba tukuna, kuma ban san ranar da zan iya ba. Na ce kada su jira ni. Ruwan farko na sauka su ɗaure kaya su yi kudu, tun kududdufai na da ruwa. Na ce ya gaya wa jama'a albishir ɗin da na aiko a baya ban yi shi da niyyar ƙarya ba, kuma kada su ɗora masa laifin. Na roƙe shi ya tsaya a kabarin iyayenmu ya yi musu sallama a madadina, ya ɗebo mini ƙwallon dabinon bayan gida ko da guda biyar.

Na naɗe ta, amma na yi kwanaki tana cikin lalitata. Kullum in je bakin tafki in dawo. Sai ranar da Sarkin Shamuwa, tsohon da ke ɗaura wasiƙu, ya tare ni a hanya.

"Baiwar Allah, garken ƙarshe ne ya rage. Ta garinku na ciki. Yau za su tashi."

Na bi shi. Ya kamo ta, 'yar baƙa mai fari a ciki, wadda ke sheƙa a tsamiyar ƙofar gidanmu tun ina amarya. Ya shafa ƙirjinta.

"Bara a rame ta dawo. Ƙasarku ba kwaɗi ke nan." Ya miƙo hannu. "Albishir ne kamar na bara?"

"A'a, Baba."

Ya dube ni. Ya zura takardar cikin ɗan bututun gora, ya toshe da kakin zuma, ya ɗaure mata a ƙafa.

"Kin san halinsu," ya ce. "Ba su sheƙa a garin da ba mutane. In kina da sauran magana ga mutanen gidanku, ki faɗe ta yanzu."

Na ce ba ni da saura. Ya buɗe hannu. Ta yi 'yan taku a bakin ruwa, ta buɗe fukafukai, ta bi 'yan'uwanta gabas, inda hadari ke haɗuwa. Na tsaya har na daina raba ta da sauran. Sannan na ɗauki sandar koyo na koma ciki, don Inna na jiran a juya ta a kan gado.